Wa ke naɗa fasto? Daga Kartaj zuwa Tsibirin Gobir

Ƴan uwana malamai da iyayen yara, wannan rubutu bashi ne nake biya, kuma ya daɗe a wuyana.

Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram, washegari Asabar wutar ta kama Yamai. Dalili kowa ya san shi, zanen ɓatancin nan ne da wata jaridar Faransa ta buga. Mutum goma suka rasu cikin kwana biyun, majami'u gommai suka zama toka, Kiristocin Damagaram da dama suka kwana a barikin soja. Da muka koma aji, sai na tarar da gurbin wata ɗalibata babu kowa. Ubanta fasto ne, ya kai iyalinsa ƙauye har ƙura ta lafa. Ina cikin rubutu a allo sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, wai shi fasto mene ne aikinsa? Kuma wa ya ba shi?"

Na ce masa limamin Kirista ne, na juya na ci gaba da rubutuna. Ni Musulmi ne ɗan Musulmi, kuma tarihi nake koyarwa, amma a ranar iyakar sanina ke nan. Amsar ba ƙarya ba ce, guntuwa ce dai, irin wadda malami ke jefa wa yaro don ya rabu da shi. Rabin tambayar ma, wato wa ya ba shi, ko taɓa shi ban yi ba. Tun daga lokacin na shiga karatu da tambaye-tambaye, ga abin da na tattaro.

Kalmar fasto daga Latin ta fito, ma'anarta makiyayi, mai kiwon tumaki. Littattafan farko na Kirista kuwa, waɗanda aka rubuta da harshen Girka, suna da wasu sunaye uku na masu riƙon jama'a. Ɗaya na nufin dattijo, ɗaya na nufin mai sa ido, na ukun kuma bara, mai hidima. Daga na farkon ne kalmar firist ta gangaro har ta iso Hausa ta bakin Ingilishi, daga na biyun aka sami bishop, na ukun shi ne dikon. A wasiƙun da aka aika wa Timoti da Titus an jera sharuɗɗan wanda za a ba wannan amana: kada ya zama mashayi ko mai kwaɗayin kuɗi, ya iya koyarwa, ya iya karɓar baƙi, ya iya riƙon gidansa tun kafin a ba shi riƙon jama'a, kada ya zama wanda ya shiga addinin jiya-jiya. Sharaɗin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙarshe, cewa waɗanda ba Kirista ba su ma su shaide shi da kirki. Ashe tun asali maƙwabci na waje yana da baki a maganar.

Yadda ake naɗin kuma tsoho ne ƙwarai: a yi addu'a a ɗora wa mutum hannu a ka. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin mutum bakwai da aka zaɓa a Urushalima aka ɗora musu hannu, kuma abin da ya jawo haka ƙorafi ne a kan rabon abincin zawarawa, wasu na ganin ana danne nasu. Wannan ya ba ni dariya da na fara karanta shi, domin duk wanda ya taɓa zama cikin kwamitin rabon tallafi a unguwa ya san irin wannan rigima. Zuwa wajen shekara ta 110, wasiƙun Ignatiyus na Antakiya sun nuna matakan sun zama uku, bishop a sama, firistoci ƙarƙashinsa, sannan dikononi. Taron Nikiya na shekara ta 325 ya ƙara da cewa ba a naɗa sabon bishop sai aƙalla bishop uku sun haɗu a kansa.

A nan ne fassarar nan tawa ta "limamin Kirista" take gurguncewa. A wurinmu, duk namiji Musulmi baligi mai hankali da ya iya salla yana iya shiga gaba ya ja mutane. Malami karatu ne ke mai da shi malami, da izinin malamansa, da yardar jama'a. Limamin Juma'a sarki ko jama'a ke naɗa shi, amma rawanin bai sauya masa asali ba, in an sauke shi ya koma sahu kamar kowa. A wurin Katolika da ƴan Otodoks abin ba haka yake ba. Naɗi a wurinsu yana cikin manyan ibadu bakwai, bishop kaɗai ke yin sa, kuma Katolika sun yi imani yana barin tambari a kan mutum wanda ba ya gogewa har mutuwa. Akwai abubuwan da in ba naɗaɗɗe ba babu mai yin su ko da ya fi kowa ilimi, wato jagorantar ibadar gurasa da ruwan inabi, da sauraren mai furta zunubi, wanda kuma haramun ne firist ya fitar da sirrinsa ko da wuƙa a wuya. Suna kuma lissafa hannun da ya naɗa wane, da wanda ya naɗa shi, har a kai ga manzanni. Wanda ya san salsalar ɗariƙa zai gane fasalin abin ba tare da dogon bayani ba.

To, in naɗaɗɗen ya zama mutumin banza fa? Wannan tambaya a nan Afirka ta fi zafi, kuma ta raba jama'a fiye da shekara ɗari. A shekara ta 303 sarkin Rum Diyokletiyan ya ba da umurni a karɓe littattafan Kirista a ƙone. Wasu shugabanni suka ƙi, aka kashe su ko aka ɗaure su. Wasu kuwa tsoro ya kama su suka miƙa. Da wahala ta wuce, sai aka naɗa wani Kaikiliyan bishop na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, aka kuma yi zargin cewa cikin waɗanda suka ɗora masa hannu akwai wanda ya miƙa littafi. Jama'a da yawa, musamman na karkarar Numidiya, suka ce sam, hannun maci amana ba ya naɗa kowa, baftismarsa ma wankan banza ce. Suka bi wani mai suna Donatus, har ya kai gari ɗaya bishop biyu, majami'a biyu, ba a ga maciji. Wanda ya tsaya musu shi ne Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a 430. Hujjarsa ita ce albarkar ba daga mai hidimar take fitowa ba, shi magudana ne kawai, ruwan na Ubangiji ne. A taron Kartaj na 411 hukuma ta ba ɓangaren Agustin gaskiya, har da ƙarfin doka a kan sauran, abin da ban ga kyawunsa ba. Mu da muka ga zamanin da ɗan uwa ke ƙin bin ɗan uwa salla a nan Maraɗi saboda saɓanin fahimta, ba mu da bakin yi wa mutanen Kartaj dariya.

Maganar rashin aure, wadda yara suka fi tambaya, ba da ita aka fara ba. Shekaru aru-aru firistoci da yawa suna da mata da ƴaƴa. Sai a taron Lateran na 1139 cocin Rum ta tsayar da cewa auren firist ɓatacce ne. A gabas kuwa, har gobe firistocin Otodoks na Girka da Rasha da Masar da Habasha suna da iyali, muddin sun yi auren kafin naɗi, bishop ne kawai ba ya da mata. Sannan Martin Luta ya taso a Jamus a 1517 ya ce duk mai bi firist ne a gaban Allah, fasto aiki ne jama'a suka ba shi don a sami tsari, ba wani jinsi ne dabam ba. A 1525 shi kansa ya yi aure. Daga wannan reshe ne fastocin da muka fi sani a ƙasar Hausa suka fito, masu mata da ƴaƴa da gona, waɗanda babban aikinsu wa'azi da karantarwa. Don haka in yaro ya tambaye ka, ka raba masa gida biyu. Wanda ake ce wa fada a Nijeriya, mu kuma a nan muke ji ana kira "mon père", na Katolika ne, ba ya aure. Fasto kuwa na ƴan bishara ne. Matan nan masu lulluɓi da ke riƙe da makarantu da ɗakunan shan magani, su alkawarin hidima suka ɗauka, ba naɗaɗɗu ba ne.

Tambayar yaron nan, wa ya ba shi, tana da wata fuska da ta shafi Afirka kai tsaye, wato wa aka yarda a ba. Habasha ta karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4, lokacin da Atanasiyus na Iskandariya ya naɗa Furumentiyus bishop ɗinta na farko. Amma daga nan har tsakiyar ƙarni na 20, babban bishop ɗin Habasha daga Masar ake aiko shi. Sai a 1959 ta sami cikakken ikon kanta. A yammacin Afirka labarin Samuel Ajayi Crowther ya isa misali. Bayerabe ne da aka kama bauta yana yaro a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku aka sauke shi Saliyo, ya yi karatu, aka naɗa shi firist a 1843, sannan a 1864 aka naɗa shi bishop a Kantabari, baƙar fata na farko a cocin Angilika. Ya yi aiki a bakin Kwara, daga Onica har Lokoja. A 1890 wasu samarin Turawan mishan suka zo suka tsige ma'aikatansa a gaban idonsa, suka wulaƙanta tsoho. Ya rasu ranar ƙarshe ta 1891, aka kuma maye gurbinsa da Bature.

Cikin tafiyar Kwara ta 1841 Crowther yana tare da wani naɗaɗɗen Bajamushe, James Frederick Schön, wanda ya koyi Hausa a bakin ƴantattun bayi a Saliyo ya fitar da littafin kalmominta a 1843. A nan labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Dorugu, yaron da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, ɗan ƙasar Damagaram ne daga wajen Kance. Schön ya zauna da shi yana rubuta maganarsa, kuma daga bakin yaron nan aka sami babban rabo na Hausar da ta shiga nahawunsa da littafin Magana Hausa na 1885. An yi wa Dorugu baftisma, amma ba a taɓa naɗa shi kome ba. Ya ƙare rayuwarsa yana koyar da boko a Kano, ya rasu a 1912. Harshen nasa ne, muƙamin na wani. Duk lokacin da muka koya wa yara rubutun Hausa da baƙaƙen boko, akwai gumin ɗan Damagaram ɗin nan a ciki, ko da ba mu ambace shi ba.

A ƙasarmu mishan ɗin SIM, wadda aka kafa a 1893, ta buɗe tasharta ta farko a Damagaram a 1924, ƴan shekaru bayan haka ta zauna a Tsibirin Gobir. Turawan nan masu jin Ingilishi ne, daga Nijeriya suka hauro, don haka Faransawa ba su taɓa sakin jiki da su ba. Da Hausa suka yi aikinsu, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda likita Walter Miller na Zariya ya yi wa babban aiki, shi ya zama allonsu. Daga baya aka sami asibitin Galmi a 1950, da wurin kula da kutare a Danja. Amma waɗanda suka taka ƙasa suka shiga ƙauyuka ƴan ƙasa ne, ana ce musu masu bishara, jama'a kuwa Malam suke kiran su, don sun ga mutum da littafi yana karantarwa. Sun daɗe a wannan matsayi, aiki a hannunsu, yanke shawara da kuɗi a hannun mishan. Kuma da yake mishan ta fi ba da ƙarfi ga karatun Littafi da Hausa, ba ta yi saurin buɗe lakkwal ta Faransanci ba, sai ƴaƴan Kiristocin farko suka makara wajen samun takardun da gwamnati ke dubawa. Wannan ciwo ne da dattawansu ke ambata har yanzu. A farkon samun ƴancin kai aka kafa ikilisiyar ƴan ƙasa, wadda aka sani da EERN, ta riƙa naɗa fastocinta da kanta, akasari bayan sun yi makarantar Littafi irin ta Agye. Daga baya ita ma ta rarrabu, kuma rigimar shugabanci na cikin dalilan.

Katolika ta wata hanyar suka biyo. Fada François Faroud ya kafa mishan a Yamai a 1931. A 1961 Yamai ta sami bishop na farko, Hippolyte Berlier, Bafaranshe. A 2001 aka yanke yankin Maraɗi, wanda ya haɗa da Tawa da Damagaram da Agadas da Diffa, aka ba Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso. Ɗan Nijar na farko da ya zama bishop shi ne Laurent Lompo, daga yankin Makalondi, a 2013. Ku lissafa da kanku, shekara 82 ke nan daga zuwan Faroud. Wani ɓangare na jinkirin ƙarancin mabiya ne, wani kuma tsawon hanyar, domin bayan bakaloriya saurayi zai share shekaru yana karatun falsafa da ilimin addini, galibi a Burkina Faso, sannan ya yarda ba zai ajiye iyali ba, a ƙasar da ake auna mutum da yawan bakin da yake ciyarwa.

Duk wannan daga takarda ne. Abin da takarda ba ta ba ni ba na same shi a zauren wani tsohon fasto da ke bayan unguwarmu, wanda shekara da shekaru gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na tarar da shi yana gyaran igiyar akuya. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, tambaya ce ta kawo ni, kada ka ga kamar tsokana. Ku wa ke naɗa ku?"

Ya yi dariya ya ce, "Mushe, ai da ka zo tun tuni." Ya ce shi da matarsa tare suka je makarantar Littafi, suna noma suna karatu. Da suka gama aka tura shi wani ƙauye mai gidajen masu bi ƙasa da goma, ya yi shekaru a matsayin mai bishara, ba ya yin baftisma, ba ya ɗaura aure, sai ya jira fasto ya zo daga gari. Sannan dattawan ikilisiya suka zauna a kansa, suka tambayi jama'arsa, suka tambayi matarsa a keɓe, har mai garin, wanda Musulmi ne, sai da aka ji ta bakinsa. Ranar naɗin ya durƙusa, fastoci suka kewaye shi suka ɗora masa hannu. Na ce to me ya sauya? Ya ce, "Ɗana, kaya ne aka ƙara mini, jakin dai shi ne."

Da na tambayi aikin, wa'azin Lahadi shi ne abin da ya ambata a ƙarshe. Kafin shi akwai sunan jariri, da sulhun miji da mata, da raka marar lafiya Galmi, da neman wa yaro gurbi a lakkwal, da zuwa gaban mai gari in an sami saɓani a kan filin maƙabarta. In wani ya shiga addininsu danginsa suka kore shi, ɗakin fasto ne masaukinsa, tukunyar matar fasto ce abincinsa. Albashi kuwa abin da baiko ya tara ne, da damman hatsi in kaka ta yi kyau. Ina saurare ina tuna limamin ƙauyenmu, Allah ya jiƙansa, wanda shi ma rabin kwanakinsa a sulhu da jana'iza suka ƙare. Aƙidarsu ba ɗaya ba ce, kuma daga shi har ni babu wanda ya yi kamar ɗaya ce. Gajiyar dai iri ɗaya ce.

Akwai abin da ya dame shi, kuma ina ganin ya kamata iyaye su sani. Tun daga shekarun 1990, da aka sami sakin mara wajen kafa ƙungiyoyi, sababbin majami'u suka yawaita a biranenmu, da yawansu daga Nijeriya da ƙasashen bakin teku. A cikinsu akwai masu tsari da horo. Akwai kuma wanda zai kama hayar shago, ya sayi lasifika, ya kira kansa fasto ko annabi, ba wanda ya gwada shi, ba wanda zai iya sauke shi. Tsohon ya ce in irin wannan ya yi ɓaranɓarama a wa'azi, shi da ya shekara arba'in yana lallaɓa zama da maƙwabta shi ake jifa. Na ce masa mu ma muna da namu, masu wa'azin da ba a san malaminsu ba. A ganina amfanin naɗi na zahiri, in an ajiye maganar aƙida gefe, shi ne a san wanda ya tsaya wa mutum, a kuma san ƙofar da za a buga in ya yi ba daidai ba.

Muƙamin yana da haɗarinsa kuma. Shi ne fuskar da aka sani, don haka shi ake fara nema. A Satumbar 2018 ƴan bindiga suka ɗauke Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya, daga Bomowanga kusa da iyakar Burkina, bai sami kansa ba sai Oktoban 2020 a Mali. A 2015 ma gidajen fastoci na cikin wuraren da aka fara nufa, kuma a wurare da dama maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye iyalansu. Tsohon nan ya nuna mini gidan da matarsa da jikokinsa suka kwana a lokacin, don tsoron kada abin ya iso nan. Gidan wani mahauci ne da nake salla sahu ɗaya da shi kullum, bai taɓa faɗa mini ba.

Ɗalibata ta dawo aji bayan mako uku, ba ta ce kome ba, ni ma ban tambaye ta ba. Yaron da ya yi tambayar kuwa ya bar lakkwal a ƙarshen wannan shekarar, kafin in haɗa amsar. An ce mini yana Agadas yana aikin mota. In akwai wanda ya gane shi cikinku, don Allah ya karanta masa wannan.